Mutum-mutumi: Daga Fadamar Wurno Zuwa Takardar Albashi

Gaisuwa ga mutanen Achida da Wurno da Rabah da Goronyo, musamman manoman fadama da ke jin mu yanzu da 'yar rediyo rataye a jikin rumfar tsaro, ido na kan shinkafa, kunne na wurinmu. Sannunku da rana, Allah Ya sa a girbe lafiya.

Sharhinmu na yau a kan mutum-mutumi ne. Kowa a cikinku ya san yadda ake haɗa shi. A sami sanda doguwa a kafa a tsakiyar gona, a gicciya mata wata gajera a ɗaure da igiyar rama. A ɗauko tsohuwar taguwar da mai gida ya daina sawa a zura, a cusa ciyawa a ciki don ta yi jiki. A cika ƙaramin buhu da buntu a ɗaura a sama ya zama kai, a kifa masa tsohuwar malafa. Mai son ya ƙara masa kwarjini sai ya ɗaura leda a bakin hannayen rigar, iska na kaɗawa tana fal-fal-fal. A da can har zaren kaset ake warwarewa a ja shi daga kunya zuwa kunya yana walƙiya. Yanzu kaset ya ɓace, tsofaffin faifan CD da ledar biskit sun gaje shi.

Abokin gabar da ake yi wa wannan shiri kuwa shi ne jan-baki. Ɗan tsuntsu ne da bai cika tafin hannu ba, nauyinsa kimanin giram 20 ne, amma masana sun ce babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya, ana ƙiyasta su da biliyan ɗaya da rabi. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce guda ɗaya na cin kimanin giram 10 na hatsi a rana. Ku lissafa da kanku: garke mai tsuntsu miliyan biyu zai lamushe tan 20 kafin rana ta faɗi, wato buhu 200 mai kilo ɗari-ɗari. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne. Idan rani ya yi nisa, ciyawa ta ƙare, sai ya duba inda ke da kore. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, kore ba ya yankewa a wannan kwari ko da tsakiyar bazara. Alherin da ya ba mu noman rani shi ya shimfiɗa wa jan-baki tabarma. Ba mu kaɗai ba ne. A kwarin Kogin Senegal an yi nazari a kan daminar 2003 zuwa 2007, aka tarar tsuntsaye na cinye kusan kashi 13 cikin 100 na shinkafar da ya kamata a girba duk shekara.

To, me mutum-mutumi ke iya yi wa irin wannan runduna? Ku tambayi duk manomin da ya taɓa kafa shi. Ranar farko tsuntsayen za su zo, su hango mutum tsaye, su karkata su sauka gonar maƙwabci. Rana ta biyu su sauka a gefen kunya, nesa da shi, suna ci suna ɗaga kai. Kafin mako ya zagayo sun gane wannan mutumin ba ya tari, ba ya sunkuyawa, ba ya jifa. Daga nan sai ka iske su jere a kan hannayensa suna hutawa, kashinsu fari fat a kan malafar. Shi ya sa tsofaffin manoma ke canja masa wuri duk bayan kwana biyu, su canja masa riga, wani lokaci mai gonar ya sa irin rigar ya tsaya kusa da shi ya yi jifa, don tsuntsun ya kasa bambance na gaske da na ƙarya.

Wanda ke yin aikin na haƙiƙa yaro ne. Yana bisa rumfa tun kafin gari ya waye, majajjawa a hannu, curin busasshiyar laka tare a gabansa. An ja igiyoyi daga rumfar zuwa kusurwoyin gona, an rataye musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Da ya hango baƙin gajimaren nan ya taso daga cikin kachalla sai ya fizgi igiya, gona ta ɗauki ƙara, ya wulwula majajjawa, ya buɗe murya da ihu. Haka zai yi har rana ta take, ya ɗan sarara, la'asar na yi su dawo. Daga lokacin da shinkafa ta fara zuba madara har a sa mata lauje, wajen wata guda ke nan, kuma wannan watan yaron ba ya aji. Duk malamin firamare a yankin nan ya san lokacin da benci ke zama wayam. Ni dai ban ga laifin uban da ya tura ɗansa tsaron tsuntsu ba, don abincin shekara ne a gonar. Abin da na gani shi ne akwai dabarun rage wannan nauyi da ba su buƙatar jirgin sama. Idan manoman fadama ɗaya suka haɗa baki suka yi shuka a mako ɗaya, shinkafar za ta nuna tare, ɓarnar ta rarrabu a kan kowa, maimakon ta tattaru a kan wanda ya riga ko wanda ya makara. Gonar da aka nome tas ba ta jan tsuntsu kamar wadda ciyawa ta cika, tunda 'ya'yan ciyawar ne ke fara kiransa. Feshin da gwamnatin tarayya ke yi da jirgi a kan matattarar tsuntsayen yana rage su, amma maganin guba ne mai ƙarfi, yana kashe shaho da mujiya da sauran tsuntsayen da ba su ci wa kowa hatsi ba, kuma sau da yawa jirgin kan iso bayan an riga an yi ɓarnar.

Jama'a, ba a gona kaɗai mutum-mutumi yake ba. Turawan Ingila suna da kalma guda, dummy, wadda tun ƙarshen ƙarni na 16 suke kiran bebe da ita, daga baya suka shimfiɗa ta a kan duk abin da aka tsayar a madadin na gaske. Da ita suke kiran gunkin da ke sanye da kaya a kanti, da ita suke kiran robar da ake sa wa jariri a baki ya tsotsa ya yi shiru, da ita masu sharhin ƙwallo ke kiran yaudarar da ɗan wasa ke yi idan ya yi kamar zai karɓi ƙwallo sai ya bar ta ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Kamfanin da ba shi da komai sai suna a takarda, shi ma sunansa ke nan a wurinsu. Idan ka dube su duka, tambaya ɗaya ce ke raba su: wa aka tsayar da abin don ya ruɗa, kuma wa ke amfana?

Na kanti shi ya fi tayar da ƙura a ƙasar Hausa. A tsakiyar 2021 Hukumar Hisbah ta Kano, ƙarƙashin Sheikh Harun Ibn Sina, ta hana teloli da masu shagunan sutura baje kaya a jikin mutum-mutumi mai cikakkiyar surar ɗan Adam, daga baya bayani ya fito cewa a cire kai, a kuma suturta jikin. An yi ta muhawara a rediyo da Facebook. Malamai sun daɗe da tattauna hukuncin sura mai inuwa, kuma sun daɗe da keɓe 'yar tsanar yara mata, saboda ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da irinsu. Wannan fage na malamai ne, na bar musu. Zan dai dawo kansa ta wata ƙofa kafin mu rabu.

A fagen yaƙi ma an daɗe ana amfani da shi. A 1942, kafin gwabzawar El Alamein a hamadar Masar, sojojin Birtaniya sun jera tankokin ƙarya na katako da ƙyalle a kudu, suka ɓoye na gaske a arewa cikin siffar manyan motoci. A daren 5 ga Yunin 1944 kuma jiragensu suka saki ɗaruruwan 'yan tsana da laima a kan Faransa don Jamusawa su ɗauka sojoji ne ke sauka. Dabarar ta ci ne saboda akwai runduna ta gaske a wani wuri tana jiran abokin gaba ya juya baya.

Akwai kuma wanda aka ƙera don ya sha dukan da mutum zai sha. Kafin ya yaɗu, masu binciken haɗarin mota a Jami'ar Wayne State da ke Detroit a Amurka da gawarwaki suke gwaji. Wani likitan sojan sama, Kanar John Stapp, da jikinsa ya yi: a Disambar 1954 aka ɗaure shi a kan wani keken roka mai gudun sama da kilomita 1,000 a awa, aka tsayar da shi cak cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, jini ya taru a idanunsa har ya ɗan daina gani. Mutum-mutumin gwaji na farko, Sierra Sam, an yi shi ne a 1949 don gwada kujerar da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi waje. A 1976 kamfanin General Motors ya fito da Hybrid III, wanda har yau ake amfani da shi: nauyinsa kilo 78, haƙarƙarinsa na ƙarfe, an cusa masa na'urori a kai da wuya da ƙirji da cinya masu auna ƙarfin bugu. A zaunar da shi a mota, a ɗaura masa bel, a maka motar da bango, sannan a karanta abin da ya same shi. Da haka aka gane inda sitiyari ke karya ƙirji da inda gilashi ke fasa kai, aka gyara. Da haka ne kuma ƙungiyar Global NCAP ta tona asirin wata a-kori-kura ta Nissan mai suna NP300 da ake sayarwa sabuwa a Afirka ta Kudu a lokacin: a gwajin 2018 ko tauraro ɗaya ba ta samu ba wajen kare babban mutum.

Abin da nake so direbobinmu na hanyar Sakkwato zuwa Goronyo su riƙe shi ne, wannan gwajin a gudun kilomita 64 a awa ake yin sa, mutum ɗaya a kujera ɗaya, kowa da bel. Ranar kasuwar Achida ku tsaya bakin titi ku duba. Mutum biyu a kujerar gaba, wani lokaci har da na uku a gefen direba, huɗu ko biyar a baya, but a buɗe an danna buhunan albasa, yara biyu zaune a kansu ƙafafu na reto. Bel ɗin kuwa an zagaya da shi ta bayan kujera an maƙale don motar ta daina ƙara, ba a jawo shi sai an hango jami'an kiyaye haɗurra. Duk wahalar da aka sha tun daga Kanar Stapp, wannan motar ba ta amfana da komai daga ciki ba. Malam direba, bel ɗin nan da injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro a 1959, kamfanin ya bar wa duniya kyauta, don ƙirjinka aka yi shi.

Yanzu bari mu zo kan wanda ya fi ci mini rai. Akwai mutum-mutumin da ake tsayarwa don a ruɗi jama'a, kuma shi albashi yake ci. A Fabrairun 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, lokacin minista Kemi Adeosun, ta ba da sanarwar cire sunaye 23,846 daga takardar albashi bayan an gwada su da lambar BVN ta banki, abin da ya rage wa gwamnati kashe sama da naira biliyan biyu duk wata. Sunaye ne masu lamba da matakin albashi da asusun banki, babu mai numfashi a bayansu. Ma'aikatan bogi ke nan, kuma jihohi da ƙananan hukumomi da dama sun yi irin wannan tantancewa sun tarar da nasu. Amma akwai wani nau'in da BVN ba ta kama shi. Mutumin yana nan da ransa, sunansa na cikin jerin ma'aikatan asibitin ƙauye ko makarantar ƙauye, shi kuwa yana zaune a birni, ba a ganinsa sai ranar tantancewa. Ginin na nan, an shafa masa fenti, an kafa allo mai ɗauke da sunan aikin da shekarar da aka yi shi. Mace ta taso da naƙuda cikin dare a bayan babur, a iske ƙofa da kwaɗo. Wanda ya zo duba aiki daga nesa ya ga gini ya ga allo, ya rubuta cewa akwai asibiti. Matan garin sun daɗe da sanin babu, shi ya sa suke haihuwa a ɗaka, sai abu ya ɓaci a nemi motar Sakkwato.

A harkar tsaro abin ya fi muni, don a nan mai gwada mutum-mutumin yana ɗauke da bindiga. Mutanen gabashin Sakkwato ba su buƙatar a tuna musu ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021, da 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da rasuwar mutum 43. Allah Ya jiƙansu. Ba su buƙatar a tuna musu harin da aka kai a yankin Gandi na ƙaramar hukumar Rabah a Yulin 2018. Jami'an tsaro da yawa sun ba da rayukansu a wannan yanki, muna girmama su, muna yi wa iyalansu addu'a. Saboda su ne ma ya kamata a faɗi gaskiya. Ɓarayin daji suna da infoma a cikin gari, suna ƙirga mutum nawa ke shingen, wace mota ce ke da mai, wane lokaci ake tashi. Sukan fara da satar shanu a gefen gari su ga ko za a biyo su. In ba a biyo ba, su matso. Shingen da aka bar wa mutum uku ba abin hawa, ba hanyar kiran ɗauki, an jefa waɗannan ukun cikin haɗari, an kuma sa talakawa sun saki jiki a inda bai kamata ba. Gara a gaya wa gari gaskiyar ƙarfin da ke akwai.

Irin mutum-mutumin da ke cin haƙƙin mutane ya yi mana yawa. Irin wanda ake koyon ceton rai a jikinsa kuwa, shi ne ba mu da shi, kuma a kansa nake da roƙo.

A garin Stavanger na ƙasar Norway an yi wani mai ƙera kayan wasan yara, Asmund Laerdal. Likitoci, cikinsu har da Peter Safar, sun gano cewa ana iya dawo da numfashin wanda ya sume ta hura masa iska baki da baki, amma ba a iya koya wa jama'a wannan a jikin mai rai. Sai Laerdal ya ƙera 'yar tsana mai girman mutum, aka fito da ita a 1960 da sunan Resusci Anne. Kana hura mata iska ƙirjinta na ɗagawa, in ba ka ɗaga haɓarta daidai ba iskar ba ta shiga. Miliyoyin mutane sun koyi ceton rai a kanta. Daga baya kamfanin ya yi jaririn roba, NeoNatalie, wanda ake cika shi da ruwan ɗumi ya yi nauyin sabon haihuwa, ungozoma ta koyi yadda za ta sa jaririn da ya faɗo bai yi kuka ba ya ja numfashi a cikin minti na farko. A asibitoci takwas na Tanzaniya da aka gwada wannan horo, mutuwar jarirai a ranar haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin 100.

Mu mutanen bakin gulbi ne. A Agustan 2025 kwalekwale ya kife da mutanen da ke kan hanyarsu ta zuwa kasuwar Goronyo, kuma ba shi ne na farko a jihar nan ba. Idan aka tsamo mutum daga ruwa ba ya numfashi, minti huɗu zuwa shida ne kawai kafin ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, babu motar da za ta kai shi asibiti a wannan lokaci. Abin da aka saba yi shi ne a kifa shi ana danna ciki wai ruwa ya fito, lokaci na tafiya. Abin da ya kamata shi ne a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓa, a fara hura masa iska, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, ana dannawa da saurin sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Na faɗa muku a rediyo, amma kunne ba ya koya wa hannu. Sai mutum ya durƙusa ya danna ya ji yadda ƙirji ke lotsawa, ya gaji, ya sake, sannan ranar da abin ya faru hannunsa zai tuna.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, kowanne ya sayi ko da guda biyu na manya da biyu na jarirai, kuɗinsu bai kai na taron buɗe gini ɗaya ba. A damƙa su ga sashen lafiya, a kira 'yan Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini su zagaya da su mashigai da tashoshin mota. A fara da sarakunan ruwa da masu tuƙa kwalekwale da masunta, sai 'yan ƙungiyar direbobi da masu kabu-kabu, sai ungozomomin gargajiya. Malamanmu kuma, Allah Ya ƙara muku lafiya, ku yi wa jama'a bayani a kan mumbari tun kafin kayan su iso, don kada wani ya haɗa wannan da gunkin kanti ya ƙi taɓawa; malamai da dama na wannan zamani sun halatta irinsa saboda koyarwa da lalura. A yi wannan kafin ruwan damina ya cika gulbi, a haɗa da rigunan ruwa a kowane mashigi, a kuma sa wanda zai ƙirga fasinja kafin kwalekwale ya tashi.